Inda Sama Ta Dafa Ƙasa

Duk shekara idan na zo darasin siffar duniya a sakandaren da nake koyar da labarin ƙasa kusa da Ɗambatta, sai na tuna ranar da Iya ta cece ni daga tsumagiyar Baba.

Iya ce ta haifi Baba. A lokacin kaka, bayan an ci tuwo, a ƙofar ɗakinta muke taruwa. Ta hura wuta da karan dawa, ta binne mana sabuwar gyaɗa a toka, mu kuwa mu kafa wa tokar ido. Ni take kira maigidanta, kullum tana ƙorafin ban taɓa yi mata cefane ba.

Ranar dai ni na jawo wa kaina. Daga gindin rimin ƙofar gidanmu ana hango wasu giginyu can gabas, daidai inda sama ta sauko ta dafa ƙasa. Na daɗe ina son in taɓa ta in ji ko sanyi gare ta. Da aka aike ni kai wa Baba fura gona, na ajiye masa na zarce. Na ratsa gona bayan gona har ƙafafuna suka yi tsami. Ina isa giginyun na tarar sama ta matsa gaba abinta. Na zauna na fashe da kuka. Wani dattijon Unguwar Giginya ne ya mayar da ni gida a kan kekensa, bayan an gama karaɗe gari ana nemana.

Baba ya yanko tsumagiya. Na faɗa bayan Iya.

"Ka bari maigidana ya ci gyaɗa tukuna," in ji ta. "Duka ai ba tuwo ba ne, ba ya hucewa."

Baba bai iya yi mata musu. Ya zauna a kan turmi, tsumagiya a cinya.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya," Iya ta fara tatsuniya.

"Ta shigo mu ji ta," muka amsa.

Wai an yi wani manomi da ruwa ya yi wa jinkiri. Ya ce shi ba zai zauna jira ba. Ya soke basilla a hula, ya nufi inda sama ta taɓa ƙasa don ya huda ta ruwa ya zubo. Duk garin da ya isa sai a ce masa, "Ai ka kusa, ga ta can." Takalminsa ya tsinke, guzurinsa ya ƙare. Rannan sai ya yi kiciɓis da wani matafiyi, shi ma da basilla a hula.

"Ina zuwa?" in ji manomin.

"Inda ka fito. An ce a can sama take taɓa ƙasa, daidai kan wata tsamiya mai karyayyen reshe."

Iya ta ware ido, ta dafe ƙirji kamar yadda manomin ya yi. "Kai! Ai tsamiyar ƙofar gidana ce!"

Ya juyo da gudu. Ko da ya iso, an tafka ruwa, maƙwabta sun yi shuka, har matarsa ta shuka masa tasa gonar tana ta mita.

Muka kwashe da dariya. Baba ya daure fuska ya ce, "To kun ji. Da ya zauna a gida da bai sha wahala ba."

"Haka ne," in ji Iya, tana tono gyaɗa. "Amma da bai je ba, wa zai gaya masa a gidansa take? Kai da kake ƙarami, ina ka nufa ranar da aka tsinto ka a kasuwar shanu?"

Dariya ta ƙwace wa Baba. Ya karya tsumagiyar ya tura cikin wuta, ya miƙo hannu a ba shi gyaɗa. Ban taɓa cin mai daɗin ta ranar ba.

Yanzu na san amsar da ke littafi: duniya a dunƙule take, shi ya sa ba a cim ma bakin sama. Amma ba na fara darasi da ita. Fitar da ɗalibai nake yi filin ƙwallo, kowa ya faɗi inda sama ke taɓa ƙasa idan ya tsaya a ƙofar gidansu. Haka nake koya musu cewa kowane gari tsakiyar duniya ne ga mai shi, kuma ƙarshenta ne ga wani. Na ɗauka na gama fahimtar tatsuniyar Iya ke nan.

Sai bana wata yarinya, Ladi, 'yar Unguwar Giginya, ta ɗaga hannu.

"Malam, mu a wajenmu can yamma take taɓawa, kan wani dogon rimi. Tun ina ƙarama nake son in je in gani."

Na yi ta dariya har da hawaye, yara suna kallona kamar na zautu. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, amma rimin yana nan.

Na ce, "Ladi, ki zo ran Asabar, ke da duk ajin. A gindinsa aka haife ni."