Ba Ni Na Kawo Kuɗin Cizo Ba

Ɗakin da na kama a China, a wani lungu bayan titin Huanshi Lu, gadon katako ya cinye rabinsa. Wanduna nake sarowa daga garin Xintang, in jibge a kusurwa kafin a yi lodi zuwa Kano. Ban daɗe da tarewa ba na fara tashi da ƙuraje a jere, wuya da damtse, ga ƙaiƙayi kamar in yage fatata. Da na ga ɗigon jini a zanin gado, na san kuɗin cizo ne.

Na sauka wurin mai gidan, wata dattijuwa 'yar China mai gajeren gashi, na nuna mata hannuna.

"Mei you," in ji ta, wato babu. Ta yi wa wayarta magana, wayar ta fassara mini: wai mu baƙi ne muke zuwa da su cikin kaya, in kwashe nawa in fita.

Wata Hajiya 'yar Maraɗi, maƙwabciyata, ta ja mayafina. "Ƙanwata, ki yi haƙuri ki bar mata. Garin mutane ne."

"Wallahi Hajiya, ba inda za ni. Jinina aka sha, kuma ni za a kora?"

Na tsaya a bakin ƙofar mai gidan na ƙi gusawa, sai da ta biyo ni sama. A gabanta na kwance ƙullin wandunan, na zazzage su ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwaro ɗaya. Sannan na ture katifa, na sa wuƙa na ɓamɓare katakon da ke gefen kai. Ciki baƙi ƙirin da tsohon kashinsu, ga ƙwai fari-fari, ga manya sun ƙoshi suna neman maɓoya. Na murƙushe ɗaya a kan yatsana, na kai mata har gaban ido.

Ta fita, ta dawo da butar tafasasshen ruwa. Ni da ita muka kwarara wa gadon, muka ciccibe shi zuwa rufin bene ya sha rana. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ɗakin nake sauka har yau duk zuwan da na yi, amma a gadon ƙarfe.