Ƙamshin Ƙasar Gindin Gawo

Shekarar da fari ya sake dawowa, maigidana ya tafi ci-rani birni, ya bar ni da ciki, da yara biyu, da tsohuwarsa da nake kira Inna. Rumbunmu ya daɗe da zama ɗakin ƙadangaru. Abin da ya rage mana irin gero ne a cikin gora, an gauraya shi da toka an liƙe bakin da laka. Ko yaran sun wuni suna kukan yunwa, Inna ba ta yarda a kalli goran nan. Ni kam na kalle shi, ba sau ɗaya ba.

Irin ba zai ishi gonar duka ba, in kuma ya mutu babu na sake shuka. Da hadari ya fara yawo, Inna ta ce in ɗauko buta in biyo ta gona. Raina ya ɓaci, don ƙafafuna a kumbure suke, ruwan ma da ƙyar na samo shi a rijiya.

A wajenmu gona tana jikin gona, ba a barin ƙasa ta huta. Muka fara da tsakiya, inda gero ke bin gero kowace damina har ciyawar wuta-wuta ta yi gida. Inna ta tona, ta ɗebo ƙasa, ta ɗiga mata ruwa, ta miƙo min a hanci. Ban ji komai ba, kamar yashin rafi. Gindin darbejiya ɗaci-ɗaci kawai. Inda aka yi wake bara na ji ɗan ƙamshi can nesa. Ta ce ƙasa ma rai gare ta, akwai halittun da ido ba ya gani a cikinta, kowane tsiro da irin waɗanda yake tarawa, in suka mutu ko an yi ruwa aikin banza ne. Hankalina ya tashi. Da ma rashin ruwa kaɗai nake tsoro, ashe ƙasa ma tana mutuwa.

A gindin gawo, inda awaki ke kwanciya suna cin 'ya'yansa, ƙasar baƙa ce. Ruwa na taɓa ta ƙamshi ya buge ni har yawu ya taru a bakina. Na ce mata nan ne. Ta ce to.

Da aka yi ruwan shuka muka zuba irin a kewayen gawo, ragowar a wajen wake. Tsiro ya fito, ruwa ya ɗauke. Kullum da safe ina zuwa in tarar ganyen ya ƙara murɗewa, in dawo abinci ya ƙi shiga, ga shi ma babu. Rannan don in samu sanyi a raina na ce da Inna ai ita ma ta ji ƙamshin, ƙasar tana da rai.

"'Yar nan, rabona da jin ƙamshi ko wari tun zazzaɓin bara," in ji ta. "Naki hancin ne mai kaifi saboda cikin nan, shi ya sa na ja ki."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe abincin 'ya'yana a kan hancina aka ɗora shi, ni da a lokacin sabulu ma warin kifi yake min. Tun daga ranar tsoron ya zama nawa ni kaɗai, kuma ban gaya wa kowa ba.

Ruwa ya dawo a makare. Na wajen wake rabinsa ya ƙone, na gindin gawo ya fitar da kai, shi muka riƙa lallaɓawa har maigida ya dawo. Har yau in ruwan farko ya sauka mutane suna yabon ƙamshin ƙasa, ni gabana ne ke faɗuwa, sai na ja numfashi na tabbatar ƙamshin yana nan.