Burodi Mai Ciki

A daminar da aka kawo Baba gidana a Takur, ina koyar da darasin girki da kula da gida a wata makarantar 'yan mata ta cikin Dutse. Hawan jini ne ya kayar da shi a gona, can ƙauyenmu na bayan Kiyawa, yana tsaka da maimai. Ya farfaɗo da ɓarin dama a shanye. Ƙafar ta dawo a hankali, bakin ma ya miƙe har magana ta riƙa fita, amma hannun ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe sun koma cikin tafi, ba sa buɗewa sosai, balle su yanko lomar tuwo su mulmula ta.

Baba kuwa mutum ne da bai taɓa kai abinci baki da hagu ba. Ƙanina bahago aka haife shi, amma har yau da dama yake ci, saboda ranƙwashin da ya sha a gaban akushi. Limamin unguwarmu ya zo dubiya, ya zauna ya yi wa Baba bayani a tsanake, cewa lalura ce, babu laifi a kansa. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hukuncin na san shi. Maƙogwaron ne bai yi karatu ba."

A ba shi a baki kuwa, ko Inna da suka tsufa tare bai yarda ba. Ya gwada cokali, cokalin ya suɓuce ya ɓata masa riga, bai sake kallonsa ba. Sai ya koma kunu da fura kaɗai, don su yana iya tallafar kofi da hannu biyu, na daman a ƙasa, a ce dai da shi aka sha. Kunu ba ya riƙe majinyaci. Kafin wata ya cika wuyansa ya zurma cikin riga, hularsa ta fara yi masa yawa. Likitan da ke duba shi ya ja ni gefe ya ce in aka ci gaba a haka gashin hannun da ake yi masa a asibiti aikin banza ne, kuma ƙarshenta sai an kwantar da shi an zura masa robar abinci ta hanci. Na san Baba. In aka yi masa haka, baƙin ciki zai riga ciwon kai shi.

Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. A ce malamar girki guda, wadda ke koya wa 'ya'yan mutane abinci mai gina jiki, ubanta na ramewa a tsakar gidanta? Na dafa duk abin da na iya. Na yi faten wake, na yi farfesun kaza, na yi ɗanwake har da ƙwai. Sai ya dubi kwanon ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa min, sannan ya kau da kai. Na yi kuka a madafa sau da yawa, rabinsa tausayi rabinsa haushi.

Bayan azahar mukan fito da shi ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Daga nan ana hango duwatsun garin ta saman katanga. In an yi ruwa sukan yi baƙi su yi sheƙi, ciyawa ta cika tsakankaninsu, hadari ya riƙa wucewa ta bayansu ba ya sauri. Baba kan zura musu ido, yana matsa wata 'yar ƙwallon roba da masu gashi suka ba shi don motsa yatsu. Ban san inda yake tafiya ba a irin wannan lokacin, amma ba ya tare da mu. Inna tana tsintar shinkafa ko gyaran zogale, ni kuma ina duba takardun ɗalibai da jan biro.

Wata ranar Laraba takardun gwaji ne a gabana, tambaya ta farko kuwa ita ce a faɗi ma'anar sanwici. Amsar da ke littafi na haddace ta kamar karatun allo: yankan burodi biyu da aka sa nama ko ƙwai ko ganye a tsakaninsu. Na maimaita musu ita a aji har muryata ta dishe, amma ga abin da suka rubuto min. Wata ta ce burodi ne na masu kuɗi. Wata ta ce abin da ake rabawa ne a taron ma'aikata, ba ya ƙosarwa. Ina karantawa da ƙarfi ina tsaki.

"Wai mene ne shi wannan abin da kike ta faɗa a kansa?" in ji Inna.

Na yi mata bayani, har da kwatance da tafukana biyu.

"Au, burodi mai ciki."

"Allah ya sauke shi lafiya," in ji Baba, bai ko ɗauke ido daga kan duwatsun ba.

Tun da ya kwanta ban ji ya yi raha ba sai ranar. Don kada zancen ya mutu, sai na kama ba shi tarihin abin yadda nake ba ɗalibai. Na ce ana cewa wani basarake ne a Ingila, a zamanin da, wanda karta ta shiga ransa har ba ya son tashi cin abinci. Sai ya sa a riƙa kawo masa nama a tsakanin burodi biyu, yana ci da hannu ɗaya, ɗayan na kan karta, maiƙo bai taɓa ta ba. Sunan garin da yake sarauta ne ya bi abincin har ya iso Dutse. Na ƙara da cewa wasu sun ce ba karta ba ce, aikin ofis ne ya yi masa yawa.

"Karta ce," in ji Baba. "'Yan uwansa ne suka gyara masa zancen. Mu ma muna da irinsa a gindin tsamiyar kasuwa, 'yan dara. Sai tuwo ya huce an aiko yaro sau uku."

Sannan ya ce in don wannan ne Bature bai riga kowa ba. Ya ce mahaifinsa, kakana da ban tarar ba, yana kai dabinon Dutse Kano a kan jakuna. In za su juyo sai ya sayi gurasar birni da kilishi, ya naɗe kilishin a cikin gurasar ya cusa a aljihu. Ba a tsayawa cin abinci a hanya, don jaki in ya tsaya sai ya kwanta da kaya. Hagu na riƙe da igiya, dama na kai wa baki. Baba ya bi shi sau ɗaya yana ɗan shekara goma ko ƙasa da haka. Ya ce yana tuna wata fadama da suka ratsa da hantsi, ruwa iya ƙwauri, balbelu sun tashi gaba ɗaya suka rufe rana, shi kuma yana bisa jaki da gurasa a hannu, bai san sanda ya cinye ta ba. Muryarsa ta yi ƙasa-ƙasa yana faɗa, har na ji kamar ina jin ƙarar ruwan a ƙafafun jakunan. Inna ta daina tsintar shinkafar.

Na koma kan takarduna jikina a sanyaye. Ta gaba ta wata yarinya ce mai zama a bayan aji, ba ta cika magana ba. Ta rubuta: abinci ne da hannu ɗaya ya ishe shi. Na riga na zabga mata jan kuros, har da rubuta mata cewa ta riƙa karanta littafi. Ina ɗago kai sai idona ya sauka a kan hannun Baba. Ƙwallon robar na cikin tafinsa, babban yatsa ta ƙasa, sauran huɗun ta sama, ya riƙe ta gam tun azahar ba ta faɗi ba. Hannun da ba ya iya ɗaukar cokali ashe yana iya riƙe abu mai kauri. Wata guda ina kallon wannan ƙwallon ban gani ba.

Washegari na dawo daga makaranta da burodi mai yanka-yanka, irin na littafi. Na soya ƙwai da mai kaɗan, na jera tumatir, na yanke shi kusurwa-kusurwa yadda nake nuna wa ɗalibai. Na buɗe yatsun Baba a hankali na sa masa. Ya dube ni, ya dubi abin, ya yi bisimilla. Amma hannun bai san daidai ba, in ya kama sai ya matse. Burodin ya lotse, tumatir ya tsarto, ƙwan ya zame ta ƙasa ya faɗa masa a cinya tun hannun bai kai ƙirji ba. Ya zauna da ɓarɓashi a tafi yana kallon rigarsa.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Baba, don girman Allah ka ci da hagun nan mu huta. So kake ka kashe kanka a gidana a ce na kasa riƙe ka?"

Ya sa hagun ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa Inna ta kama shi ya shiga ciki. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Inna ta same ni a madafa ina wanke kwanon da bai ƙazantu ba. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ɗauki ragowar burodin ta matsa shi da yatsa, ya lotsa bai dawo ba.

"Wannan ai auduga ce. Ke da aka ba ki labarin gurasa jiya, ina hankalinki ya tafi?"

Da safe na hau adaidaita na je wajen wata mai gurasa a Yalwawa, na tsaya har ta ciro masu zafi daga tanderu. Na zaɓi masu kauri, waɗanda in an naɗe ba sa karyewa. Kilishi ya fi ƙarfin haƙoransa, gishirinsa ma likita ya hana, don haka Inna ta yi kwaɗon zogale da ƙuli, ta murje dafaffen ƙwai a ciki har ya kama jikinsa, ba abin da zai zube. Ita ta shafa shi a gurasar ta naɗe, ta tanƙwashe gindin ya rufe, ta gwada kaurin da na ƙwallon robar. A ma'anar littafina wannan ba sanwici ba ne, tunda ba yanka biyu ba ne.

Ni na kai masa, ƙarƙashin darbejiya, bayan azahar. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min maganar jiya."

"Wace magana?" in ji shi. Ya miƙo min hannun na cire ƙwallon, na sa naɗin a gurbinta.

Yatsun suka matse, gurasar ta ɗan lotsa ta tsaya. Ya yi bisimilla. Daga cinya zuwa baki tafiya ce da ba ta kai kamu biyu ba, amma ranar na ga tsawonta. Hannun ya taso yana rawa, ya tsaya a ƙirji ya huta, gwiwar hannun ta buɗe gefe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Hagunsa ta ɗago da kanta za ta taimaka, ya mayar da ita ya danne a ƙarƙashin cinya. Ni ma na miƙa nawa hannun, Inna ta riƙe min zani ta baya. Ya sunkuyo da kai ya tari hannun a rabin hanya, ya gatsa.

Ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe. Wata kurciya na ta kuka a kan katanga, inuwar darbejiyar na yawo a kan tabarma. Ya sauke hannun, ya huta, ya sake ɗagowa. Na ƙirga a raina har sau bakwai, daga nan hawaye suka hana ni ganin sauran. Daɗi ne ya kama ni, na zauna daɓas a ƙasa da kayan makarantata.

Ya ci kusan rabi, sannan hannun ya gaji ya kwanta a cinya, har yanzu yana riƙe da sauran. Inna ta matso za ta karɓa, tana cewa ta kai wa kaji abin da ya rage.

"Kaji kuma?" in ji Baba. "Rufa min shi a kwano, zan ƙarasa bayan la'asar. Uwata, gobe ki ce da mai gurasar ta ba ki biyu."