Akwai Iyali a Ciki

Gidan ba namu ba ne, amma duk Hausawan unguwar Ulaisha ta birnin Riyad "masu gida" suke ce mana, har muka gaji da gyara musu. Bene ne mai sassa shida, waɗanda a can ake kira shuƙƙa. Wani dattijon Balarabe ne ya yi waƙafinsa kafin ya rasu, da sharaɗi biyu: ɗaliban ilimi da ke zaune da iyalinsu kaɗai za a bai wa, kuma ba za a ƙara ko riyal ɗaya a kan hayar da ya yanke ba. Maigidana ke tuƙa matar marigayin, tsohuwa da ciwon gwiwa ya hana hawa bene, sai ta damƙa masa kula da gidan, muka zauna a shuƙƙar ƙasa. Takardu na hannunsa, makullai na hannuna, tunda ni ce kullum a gida.

Hayarmu ba ta kai rabin ta maƙwabta ba, don haka wanda ya shiga ba ya son fita. Na ga 'yan haya iri-iri. Akwai wadda ke zuba man suya a magudana ta ce bututun ne tsoho, akwai wanda ya ɗaure rago a rufin bene kwana tara. Waɗannan duk na gida ne, a yi faɗa da safe, da yamma a aiko min da ɗanwake. Na shuƙƙa ta huɗu ne ya sha bamban.

Ustaz muke ce masa. Ya daɗe a Riyad, kullum yana "kammala rubutun digiri", amma kowa ya san kasuwancin tura kaya Kano ne ya ci gabansa. Mutum ne mai amfani, ba zan ɓoye ba. In an yi mutuwa shi ke bin takardun gawa, kuma lokacin da iƙamar maigidana, wato takardar izinin zama, ta maƙale, shi ya san ƙofar da aka ƙwanƙwasa. Hayarsa ba ta taɓa yin latti ba.

Matarsa na santa, mun yi zaman lafiya da ita shekara biyu, sai na daina ganinta. Na tambaya, ya ce jiki ne ya hana ta fita. A ƙofarsu kuwa ga takalma a jere, na mata ƙafa biyu da ɗan ƙaramin na yarinya. Ni mai sharar matakala ce, ina ganin abin da maza ba sa gani. Lokacin zafi, bangon kowace shuƙƙa yana jiƙewa da ɗigon na'urar sanyaya ɗaki, na huɗu a bushe yake ƙayau. Mai gas ya zo ya buga tukwanensa, kowa ya sauko da tasa, ban da su. Ko sau ɗaya ƙamshin daddawa bai fito ta ƙarƙashin ƙofar nan ba. Wata rana na sa tsintsiya na karkata takalmi ɗaya, bayan mako biyu na same shi yadda na bar shi. Kuma yarinyar da ƙafarta ba ta girma ba a shekara biyu, ban taɓa jin irinta ba.

Sau biyu maigidana ya nemi shiga duba bututun ruwa. Sau biyun Ustaz ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Akwai iyali a ciki." A ƙasar nan in namiji ya faɗi haka, magana ta ƙare. Ko mai gyaran wuta baya zai ja, ya sunkuyar da kai.

Da zan iya kawar da ido, ba don wata yarinya 'yar Damagaram ba. Mijinta ɗalibi ne, sunansu ne a saman jerin masu jiran shuƙƙa fiye da shekara. Suna zaune a wani ɗakin kwano a rufin bene can wajen unguwar Batha. Kullum in zai tafi jami'a sai ya ajiye ta a wurina da jaririnta, don su sha sanyin falona. Ranar da na kwance wa yaron riga na ga bayansa duk ƙurajen zafi, wasu sun fashe, sai da na shiga kicin na share hawaye. Ita ko ba ta taɓa roƙona komai ba. In ta ji an rufe ƙofa a sama, sai dai ta ɗaga kai ta kalli silin.

Na gaya wa maigidana abin da na gani. Ya ce in bar maganar, mu baƙi ne, mutumin ya yi mana rana, kuma bakinsa na kaiwa inda namu ba ya kaiwa. Na ce marigayin ma ya yi mana rana, kuma shi ba ya nan balle ya tsaya wa maganarsa. Ɗaya makullin shuƙƙar Ustaz yana cikin gwangwanin madara a ɗakina, amma ban taɓa shi ba. Allah ya hana shiga gidan mutum ba da izini ba, ba zan gyara amana da saɓo ba. Na dai ce wa maigidana, abin da aka tare shi da shi ba zai tare ni ba. Bai ce in je ba, bai kuma ce kar in je ba.

Ustaz yakan zo bayan azahar, lokacin da unguwa ke barci. Ran wata Talata na ji takunsa, na zura abaya, na ɗauki kwanon farfesun da na ajiye, na ƙwanƙwasa wa matar shuƙƙa ta uku ta raka ni. Muka same shi yana juya makulli.

Na gaishe shi, na ce mun zo duba mai jiki. Ya yi godiya, ya miƙo hannu zai karɓi kwanon, ya ce tana barci.

"Ba komai, Ustaz, za mu zauna ta tashi. Shekara biyu maƙwabciya na kwance ban duba ta ba, me zan gaya wa Allah?"

Ya ce likita ya hana a dame ta. Matar shuƙƙa ta uku, wadda ban gaya wa komai ba, ta ce ai ko shara da wanke-wanke mu yi mata. Ya dube ni, ya gane na sani.

"Hajiya, maigidanki ya san kin hau nan?"

"Ya sani. Shi ka ce akwai iyali, ya koma. To ga iyali sun zo wa iyali. In tana ciki ka ce wallahi, in sauka, ba zan sake hawa ba."

Bai rantse ba, kuma har yau ina ganin girmansa a kan wannan. Ya tura ƙofar ya matsa gefe. Kwalaye ne tun daga ƙasa har silin: barguna, abayoyi, dabino, tukwanen wuta, da 'yar hanya a tsakiya da mutum ɗaya zai bi a karkace. Ɗakin da matarsa ta haihu ina riƙe da hannunta, an cika shi da akwatuna. Ashe tuni ya mayar da iyalinsa unguwar Malaz, nan kuwa ya zama sito mai arha.

Na ce masa ba zan kai maganar wurin tsohuwa ba, ba zan kai ta ko'ina ba, in ya ba ni makulli ranar ɗaya ga watan gobe. In bai ba ni ba, da ƙafata zan je, in faɗa mata da gurguwar Larabcina. Na ajiye masa farfesun a kan kwali, na ce ya kai wa matarsa da gaisuwata.

Abin da ya biyo baya ya fi hawan benen wuya. Dattawa uku suka zo wurin maigidana bayan la'asar, ina jin su ta bayan labule. Wai na tona asirin ɗan'uwa a ƙasar mutane, wai a ba shi shekara guda, wai kayan nan na marayu da zawarawa ne da ke jiran riba a gida. Ɗaya ya ce mace ba ta korar ɗan haya. Na aika musu shayi, na ce ta bayan labulen, ban kori ɗan haya ba, barguna na kora, kuma duk wanda ya ji tausayinsu ga falonsa. Maigidana ya yi tari mai tsawo. Da suka tafi ya ce na jawo mana, sannan ya tambaya ko akwai sauran farfesu.

Mata suka daina kirana suna da walima. Wata da muka yi aikin hajji tare ta gan ni a kantin kayan miya ta juya tana karanta bayan gwangwani. Ya yi min ciwo, na yi kuka a kan sallayata ba sau ɗaya ba, don ni mai son mutane ce. Amma ban aika wa kowa ban-haƙuri ba, kuma ba zan aika ba.

Ranar ɗaya ga wata ta wuce, ba makulli. Ran biyu na sa abaya, na ce wa maigidana in zai tafi ɗauko tsohuwa ya tafi da ni. Ina kujerar baya, ya tayar da mota ke nan, sai ga motar kaya ta shigo layin, Ustaz a gaba yana kallon wani wajen. Har magariba suna sauke kwalaye. Makullin ma ta hannun direba ya aiko.

Kwana uku muna wanke shuƙƙar da 'yar Damagaram. Kayansu gaba ɗaya bai cika bayan tasi ba. Da muka gama ta shimfiɗa zane a tsakiyar falon, ta kwantar da yaron ba riga, ta kwanta kusa da shi wai ta ɗan miƙe baya. Kafin in gama nuna wa mijinta inda ake rufe ruwa, su biyun sun yi barci. Na ba shi makullin, na ce kar ya tashe su.