Kubewar da Gwaggo Asabe Ta Fito da Ita Daga Tsohon Gari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta zauna a Tiga tun lokacin da aka tashi garinmu domin gina madatsar ruwa, har ranar da aka kai ta makwancinta. Ba ta riƙe wani muƙami ba, sunanta bai taɓa fita a jarida ba, kuma da tana raye ta ji ina rubutu a kanta, cewa za ta yi na rasa aikin yi. Na yi shiru a shekarun baya. Abin da ya sa na yi magana bana shi ne wata amana da ta bari a hannun zuriyarta, wadda daminar da ta wuce ta yanke wa hukunci. Amanar kuwa irin kubewa ce.

Lokacin da aka sanar cewa ruwa zai cinye garin, kowa ya kwashi abin da mota za ta iya ɗauka: ƙyauren ƙofa, azara, turmi, tukwane, buhunan hatsi. Gwaggo tana amarya a lokacin. Ana gab da tashi, ta koma bayan ɗakin mahaifiyarta ta karyo busasshiyar kubewar da aka bari a jikin kara domin iri, ta ƙulle a gefen zaninta. Kubewar ja ce, doguwa, siririya. Tana jinkirin fara 'ya'ya, amma idan ta fara ba ta dainawa sai sanyi ya shigo sosai. Ba a samunta a kasuwa. A sabon mazauni mutane suka sa mata suna 'yar tsohon gari.

Lambun Gwaggo bai fi faɗin ɗaki biyu ba, a bayan gida, tsakanin garken awaki da katanga. Akwai yakuwa da alayyahu da barkono, da zogale a jikin shinge, amma kubewar ce ke da wuri mafi kyau. Ruwan wanke-wanke ba ya fita waje, ta haƙa masa hanya zuwa gindin shuka. Takinta kashin awaki ne da tokar murhu. Ban taɓa ganin ta sayi wani abu domin lambun nan ba.

Mutanen tsohon garinmu suna da ƙa'ida game da irin kayan miya. Ba a sayar da shi, kuma ba a hana wanda ya roƙa, ko da ba ku ga maciji da juna. Gwaggo ta riƙe wannan ƙa'ida kamar farilla. Duk kaka sai ta bi gidaje tana rabawa, har ta aika wa dangi a Bebeji da Kiru. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta cika gora ta toshe ta huta ba. Ta ce, "Gora ƙwari ke shiga. Ajiyar iri a bayan gidan maƙwabta ake yi. In nawa ya mutu, na je na karɓo nasu." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ta san wannan tun kafin ta koyi tuƙa tuwo. Abin da lissafinta bai hango ba shi ne ranar da maƙwabtan za su rasa bayan gida.

Duk sanda na zo daga Kano, bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma a bakin lambun. Hirarmu ba ta wuce abu uku: shuka, sararin sama, da kasuwa.

"To ɗan birni, yaya kayan miya a wurinku?"

Idan na faɗa mata farashin kashin tumatir sai ta riƙe haɓa. "Da wannan ai ɗan akuya ake saye muna yara. Ku dai ci gaba da zuba siminti a tsakar gida, wata rana shi za ku kaɗa miya da shi."

Sannan ta ɗaga kai gabas. "Dubi hadarin can. Ya koyi halin masu neman ƙuri'a. Zai taso da ƙugi da walƙiya, a kwashe shanya, ya watse ko ɗigo babu."

"Gwaggo, bara ma haka kika ce, kuma aka yi ruwa."

"An yi, amma ba a lokacinsa ba. Baƙon da ya zo bayan an kwashe tuwo, shi ma ai ya zo."

A lokacin dariya nake yi, ina ɗauka ƙorafin tsufa ne. Yau idan na tuna abin da take kira tsada, sai in ga ashe a cikin arha muke ba mu sani ba. Da za ta dawo ta shiga kasuwa ranar cinta, ba na jin za ta riƙe haɓa. Abin zai wuce haka. Za ta ga ana raba albasa ɗaya gida biyu ana sayarwa. Za ta ga masu noman rani a bakin madatsa sun jingine injinan ban ruwa saboda kuɗin mai, ga ruwan shimfiɗe a gabansu iya ganin ido. Za ta ga matan da aka tashi garinsu domin ruwa suna jiran mai kura ya kawo musu jarka. Za ta ga irin kubewa a cikin 'yar leda mai hoto, wanda idan ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi ba za su yi kama da uwarsu ba, sai dai ka koma kanti. Wannan na ƙarshe, ina jin, shi zai fi ɗaure mata kai: iri mai hana ka ba maƙwabcinka.

Bayan rasuwarta gidajen da ke riƙe da 'yar tsohon gari suka riƙa raguwa, ba tare da kowa ya yi niyyar haka ba. A wani gida yaro ya isa aure, babu halin sayen fili, aka gina masa ɗaki a kan lambun. A wani aka fasa katanga aka fitar da shago. Wata ta tsufa, surukanta ba su da sha'awa. Wata kuma ta ce ruwan da za ta zuba wa shuka shi take ba yara su sha. Ba wanda zan zarga a cikinsu. Kowa dai yana zaton akwai irin a gidan wani, kamar yadda aka saba.

Da bazarar bana muka gane cewa a gida ɗaya ya rage, gidan Talatu, 'yar Gwaggo, wadda ke aure a Yako. Talatu taubashiyata ce, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ita ta kira ni ta faɗa mini, da wasa a bakinta: "Ɗan kawu, gadon gidanku ya koma hannun 'yar mace. Ku 'ya'yan maza kun tsaya sa babbar riga." Na ce ai aikin bayi ne dama kula da shuka. Muka yi dariya, amma muryarta ba ta saki ba. Abin da ke hannunta bai cika tafin hannu biyu ba.

Ta yi yadda uwarta ke yi. Mutanenmu suna yin binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, domin ya tashi da ɗumin ƙasa. Alamar da suke jira ita ce zuwan shamuwa. Idan ta sauka a kan bishiyoyin gari, ruwa ya kusa, kuma idan ya fara zai ɗore. Haka aka gada, haka kuma ya yi wa kakanninmu aiki. Shamuwa ta zo, Talatu ta binne rabin irin. Ruwa ya sauka sau ɗaya, mai kyau, shuka ta fito layi-layi. Daga nan sama ta bushe. Makonni suka wuce ana ganin hadari yana tasowa yana watsewa. Ta fara sayen ruwa a wurin 'yan garuwa tana ɗiga wa kowane gindi da moɗa. Rijiyoyin unguwa suka ja baya, kuɗin jarka ya tashi. Mijinta mutumin kirki ne, bai hana ta ba, sai dai ya tambaye ta wata safiya ko da wane ruwan za a dafa abincin rana. Ta bar shukar. Cikin 'yan kwanaki ta ƙone.

Da ruwa ya dawo, wata maƙwabciyarta ta shigo ta ce a sam mata irin jar kubewar nan. Ragowar ke nan a duniya, kuma Talatu ta san haka. Ta raba biyu ta ba ta. Da na ji labari na ce mata da ta bari sai baɗi.

"In ce mata me? Babu, alhali akwai? Kai ma ka san Inna ba za ta yafe mini ba. Kuma in nawa ya sake mutuwa, ina zan je in karɓo?"

Ta fi ni gaskiya. Dabarar uwarta ta bi, kuma dabarar ba ta da aibu. Zamanin da aka yi ta dominsa ne ya wuce.

Shuka ta biyu ta yi kyau har ta kai ƙugu. Sai marka ta zo da irin ruwan da ba ya shiga ƙasa, wanda ke zuba kamar ana juye randa. Gidajen da ke sama da nata duk sun yi daɓen siminti, ruwansu ya taru ya bi ta bayan gidanta. Katangar ƙasa ta jiƙa ta kwanta a kan lambun. Abin da bai danne ba ya kwana a cikin ruwa har saiwarsa ta ruɓe. Aka garzaya gidan maƙwabciya. Ita a gefen gonar masarar mijinta ta shuka nata, saboda ba ta da wuri a gida. Mijin kuwa bai iya biyan 'yan ƙwadago su yi masa noma ba, ya yi feshin maganin ciyawa. Maganin bai san kubewa ba, bai san ciyawa ba.

Mai nema yana tare da samu, in ji masu magana. Muka ɗauki wannan muka tafi Tiga ni da Talatu, muka bi tsofaffin gidajen mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya. A ko'ina amsar iri ɗaya ce: "Ai mun ɗauka tana wurinku." Daga ƙarshe muka isa wurin Iya Mero, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, wadda yanzu ba ta gani sosai. Ta sa aka ɗauko mata wani ɗan gora a rataye a jikin azara, toshe da tsumma. Ta ce Asabe ce ta ba ta a kakarta ta ƙarshe, ita kuwa ciwon ƙafa ya hana ta shukawa. Talatu ta zazzage a ƙwarya, rabi iri rabi gari. Ta zuba ruwa. Iri mai rai nutsewa yake yi. Muka tsaya muna kallo, duk suka taso sama.

"Sun nutse?" in ji Iya Mero.

Talatu ta dube ni. Ta ce, "Iya, Allah Ya saka da alheri. Kin riƙe amana."

Tsohuwar ta jinjina kai.

Na san akwai mai karanta wannan da zai ce, ana fama da abin da za a ci, wane ne ke kukan kubewa. Yana da gaskiya. Ba a rasa rai ba, kuma kasuwa cike take da kubewa ga mai kuɗin saye. Amma lambun bayan gida shi ne abu na ƙarshe da ke tsakanin talaka da kasuwa. Shi ne ke sa mace ta kaɗa miya ranar da maigida ya fita bai bar komai ba. Tsada ta cinye filin, ta cinye ruwan, damina kuma ta daina cika alkawari, ga shi duk sun haɗu a lokaci ɗaya. Ban ga alamar ɗayansu zai sassauta ba. Mijin Talatu ya riga ya yi magana da mai bulo. Ya ce tunda katanga ta faɗi, gara a tayar da ɗaki a wurin a sa ɗan haya. Talatu ba ta yi musu ba.

To me ya rage na Gwaggo Asabe? Garin da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwa. Gidanta na Tiga an raba gado an sayar. Akwai 'ya'ya da jikoki masu yi mata addu'a, wannan kuwa shi ne babba, kuma shi kaɗai ne zai amfane ta inda take. Akwai gidaje masu yawa da suka ci miya shekara da shekaru daga abin da ta ƙulle a gefen zani, muna fatan Allah Ya rubuta mata shi cikin sadaka. Amma abin da ta ɗauka zai rayu bayanta, ta yi masa tanadi iya saninta, bai kai shekara bakwai ba. Ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa wani abu ya tsiro a madadinsa ba.

Ranar da ta cika shekara bakwai da rasuwa muka taru a Yako domin yi mata addu'a. Talatu tana da ragowar busasshiyar kubewa ta bara, wadda ta yanka ta shanya domin miya, ba ta iri ba. Ta daka ta duka, ta kaɗa miya, aka tuƙa tuwon dawa. Aka fitar da na sadaka, aka aika wa Iya Mero nata. Yaran gidan suka cinye suka tashi, a wurinsu miya ce kamar kowace miya. Mu da muka haura hamsin muka zauna a gaban akushi. Miyar tana da wani ɗan zaƙi a ƙarshen harshe wanda ban san da me zan kwatanta shi ba, kuma daga yanzu babu wanda zan iya cewa ya ɗanɗana ya ji.

Na kai loma ta uku ke nan Talatu ta leƙo daga ƙofar ɗaki. Na jira tsokanar da ta saba, ba ta zo ba.

Ta ce, "Ci a hankali, ɗan kawu. Babu ƙari."

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe, Ya sanyaya makwancinta, Ya sa ta a lambun da ba ya jiran damina.