Mai Fenti da Iyakar Arewa

Shekara ashirin da shida Mai Fenti ya yi yana shafe bangayen makarantar unguwarsu, bai taɓa buɗe littafin tarihi ba. Ƙanin matarsa ne hedimasta. Shi ya miƙa masa wani littafi ana gab da hutu, ya ce ya zana taswirar wata tsohuwar daula a bangon tsakar makaranta, ya cike ƙasarta da ja.

Ya zana ta tsaf. Sai dai jan fenti ya ragu rabin gwangwani, shi kuwa ba ya iya ganin fenti na bushewa a banza. Ya ƙara wa daular taku ɗaya ta gabas. Babu wanda ya tanka, don haka hutu na gaba ya ƙara biyu. Cikin shekara shida ta haɗiye tekun da ke kudu, ta sha kwana ta bayan aji uku, ta cinye allon sanarwa. Malamin tarihi, wanda idonsa ya yi rauni, yana ta kawo ɗalibai yana nuni da sanda.

Da ta kai tagar hedimasta ta arewa, Mai Fenti ya shafe gilashi ɗaya. Ofis ya koma jawur.

"Yaya, don Allah ta tsaya nan," in ji hedimasta.

"Akwai sauran fenti fa."

"Ka kai wa matarka ta shafa a ƙofar kicin."

A jarrabawar bana aka tambayi dalilin da ya sa daular ta daina faɗaɗa iyakarta. Ɗalibai arba'in suka rubuta: saboda tagar hedimasta.

Sufeton ilimi ya zo da kansa. Sai da ya yi minti huɗu yana tafiya kafin ya kai ƙarshen daular, sannan ya tambayi wanda ya yi aikin.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Da an bar ni, da yanzu ta kai bakin titi."

Aka umarce shi ya mayar da ita yadda take a littafi. Kwana tara ya yi yana bin ta da farin fenti, ba ya gaisawa da kowa. Ranar ƙarshe ya dawo gida ya zauna a kan gwangwani, ya ƙi cin abinci.

"Ai ba gadonka ba ce," in ji matarsa.

"Na sani," ya ce. "Amma ba a ci mu da yaƙi ba."