Zaren Likkafanin Kaka

Jiya na je gidan Kawu a Tarka, na tarar an tokare ƙofar akurkin kaji da itacen da Kaka ke naɗe zare. Na gane shi tun daga nesa. Tsakiyarsa ta yi baƙi, ta yi sulɓi saboda gumin hannunta.

Itacen aduwa ne, tsawon kamunta, da ɗan gicce sama da ƙasa. In mazari ya cika, sai ta miƙe ƙafafu a inuwar rumbu, ta riƙa juya wuyan hannu, zare na hawa yana sauka, yatsunta fari fat da alli. Ta gama, ta zame naɗin, ta murɗe shi, ta jefa a tukunya.

Na taɓa tambayarta, "Kaka, wannan zaren duk na wane ne?"

Ta ce, "Na likkafanina ne, 'yar nan. Ba za a rufe ni da abin da ban san hannun da ya yi shi ba."

Masaƙin garinmu ya riga ta gidan gaskiya. Ta roƙi Kawu ya kai zaren Damagaram a saƙa. Kullum sai ya ce, "Iya, sai an gama girbi."

Ranar da ta rasu, farin yadi ya aika aka yanko a kasuwa. Zaren kuwa, da shi aka ɗinke bakin buhunan gero.

Na zare itacen na taho da shi, kajin Kawu suka watse. Ban waiwaya ba.

Allah Ya tufatar da ke, Kaka, da abin da ya fi wanda muka hana ki.